Haruffa masu lanƙwasa suna sauya kama a cikin RichTextBox

Tambaya

Assalamu alaikum. Ina haɗa wata ƙaramar manhaja da yaren shirya manhaja na C#, wadda malaman makarantarmu za su riƙa shirya tambayoyin jarrabawa da ita, kuma na yi amfani da akwatin rubutu na RichTextBox domin su iya kaurara kalma ko su sauya mata launi. Matsalar ita ce duk inda aka buga ɓ, ɗ ko ƙ, sai harafin ya fito da wani salo dabam da na sauran kalmar. Idan kuma aka adana aikin aka sake buɗewa, sai a tarar alamar tambaya ta maye gurbinsu. Ina roƙon masana su nuna mini inda na kuskure.

Amsa ta farko

Wa alaikumus salam, Malam. Matsaloli biyu ne ka haɗa wuri guda. Ta farko ta salon haruffan da ka zaɓa ce: idan babu ɓ ko ɗ a cikinsa, akwatin yakan aro su daga wani salon ba tare da ya tambaye ka ba, shi ya sa kake ganin harafi ɗaya ya fita daban kamar bare a cikin dangi. Ka koma ga salon da ke ɗauke da su duka, irin su Charis SIL, Andika ko Noto Sans, sannan ka cire AutoFont, wato zaɓin da ke sa akwatin sauya salo da kansa, daga saitin LanguageOption.

Ta biyun kuwa ta wajen adanawa ce, kuma ita ta fi damuna, domin rubutun da ya koma alamar tambaya ba ya dawowa. Ina kyautata zaton ka ba SaveFile, wato umarnin adanawa, zaɓin PlainText, wanda ba ya riƙe waɗannan haruffa. Ka yi amfani da RichText ko UnicodePlainText. Tsarin RTF, wato wanda zaɓin RichText ke adanawa da shi, wanda Microsoft ya fitar a 1987, yana rubuta kowane irin wannan harafi da lambarsa, wato \u595 ga ɓ, \u599 ga ɗ, \u409 ga ƙ. Idan ka adana da RichText, ka buɗe fayil ɗin da Notepad. Idan ka ga waɗannan lambobi, to aikinka ya tsira.

Amsa ta biyu

Abin da ɗan'uwa ya faɗa daidai ne, sai dai akwai wani rami a gabanka. Idan malami ya zaɓi jimlar da ke da salon haruffa fiye da ɗaya, SelectionFont, wanda ke faɗin salon rubutun da aka zaɓa, ba zai dawo maka da komai ba sai null, wato babu, kuma maɓallin kaurarawa zai tsayar da manhajar. Wasu sukan bi harafi bayan harafi suna gyarawa, amma hakan yana sa allo ya riƙa ƙyaftawa a dogon rubutu. Ni na fi son a aika wa akwatin saƙon EM_SETCHARFORMAT, mai sauya kamannin haruffa, da alamar kaurarawa ta CFM_BOLD kaɗai, domin kaurin ne kawai zai sauya, girma da launi su tsaya yadda suke. Kada kuma ka manta da ƴ, mai lamba 436, tun da ita ake rubutawa a Nijar a madadin 'y ɗin da mu muke sawa.

Mai tambaya

Allah ya saka muku da alheri. Haƙiƙa PlainText na sa. Na gyara, na kuma koma ga Andika, yanzu haruffan suna dawowa lafiya. Gobe zan gwada saƙon kaurarawar a kan takardar jarrabawar aji uku, wadda ita ce ta fi tsawo.