Neman shawara: kifayena suna kashe juna, ƙanƙantar akwariyom ce ko haɗin ne bai yi ba?

Mahamadu, Banifandu: Assalamu alaikum ƴan uwa masu kiwon kifin ado. Abin ya fara fin ƙarfina, shi ya sa na kawo kuka gare ku. Wata biyu ke nan na sayi akwariyom, wato akwatin gilashi na kiwon kifi, mai tsawon santimita 60, faɗi 30, tsayi 30, na ajiye a falo saboda yara. Mai butik ɗin ya haɗa mini kifi tara: rawaya huɗu da ya ce siklid ne (wani dangin kifi) na tafkin Malawi, wani ɗaya mai zanen baƙi da ruwan zinari a kwance, oska biyu ƙanana kamar ɗan yatsa, da jan kifin nan mai bajajjiyar wutsiya guda biyu. Ya rantse mini za su zauna lafiya. Sati uku na farko kam lafiya lau. Yanzu mai zanen nan ya mallake wurin gaba ɗaya, ya kashe rawaya ɗaya, ya yayyage wutsiyar jajayen, sauran sun maƙale a kusurwa bayan matatar ruwa ba sa ko fitowa cin abinci. Oska kuma sun ninka girmansu. Ina da jikka 80 da na ware. Wane girman akwariyom zan sa a yi mini, kuma wa zan bari, wa zan fitar?

Malam Issufu, Yantala: Wa alaikumus salam, ƙanena. Fara da lissafi: 60 sau 30 sau 30, ka raba da 1000, ya ba ka litir 54. In ka cire yashi da duwatsu da ɗan filin da ake bari a sama, da ƙyar ruwanka ya kai litir 45, wato bai cika bido biyu ba. A cikin wannan ka haɗa kura da akuya da zomo.

Rawayan nan sunansu Labidochromis caeruleus, suna kai santimita 10, kuma su ne masu sanyin hali a cikin danginsu da ake kira mbuna, kifayen da ke zaune a gaɓar duwatsun tafkin Malawi. Mai zanen, yadda ka kwatanta shi, Melanochromis auratus ne. Shi ma mbuna ne, amma duk wanda ya taɓa kiwonsa ya san fitinanne ne na ƙarshe. Ka lura da shi: in namiji ne, nan gaba kaɗan rawayan cikinsa zai rikiɗe ya koma baƙi, kuma lokacin ne zai nuna maka ainihin halinsa. Abin da ka gani yanzu somin taɓi ne.

Oska shi ma siklid ne, amma ɗan Kudancin Amurka ne, daga yankin Amazon. Yana wuce santimita 30, kuma duk abin da ya shiga bakinsa abinci ne. Yau auratus yake korarsu, bayan wata shida su ne za su haɗiye rawayanka. Ko abincinsu bai zo ɗaya ba: oska maci nama ne, yawancin mbuna kuwa gansakukan jikin dutse suke kankara, in ka cika su da abinci mai nama cikinsu ya kumbura su mutu. Jan kifin kuma asalinsa Sin, ba siklid ba ne sam, ruwa mai ɗan sanyi yake so, kuma ba ya iya gudu da wannan wutsiyar.

Batun girma, kar ka kalli litir kaɗai, kalli tsawo. Siklid fili yake kamawa a ƙasa kamar mai shata gona, zurfin ruwa bai dame shi ba. Doguwar akwariyom ta fi mai tsayi ko da litir ɗinsu ɗaya. Ga mbuna ni ba na sauka ƙasa da tsawon santimita 120. In ka yi 120 da 40 da 50, litir 240 ke nan. Ka tsaya a kan rawayan, ka mayar wa mai butik auratus ɗinsa.

Hajiya Ramatu: Ɗana, kafin a gama dogon lissafi, ka fitar da jajayen nan yau ɗin nan. Babban baho mai tsabta wanda sabulu bai taɓa ba, ka ɗebi rabin ruwan daga akwariyom ɗin, ka rufe da gidan sauro don kar mage. Wutsiya tana sake tsirowa in ruwa na da tsabta.

Abdul-Aziz: Na yarda da Malam Issufu a kan santimita 120, amma kar ka zuba kifi kaɗan a ciki. Dabarar masu mbuna ita ce a cika su da yawa, kamar 12 zuwa 15 a litir 240, ta yadda mai faɗa zai rasa wanda zai sa wa ido, in ya bi wannan sai wancan ya gitta. Namiji ɗaya ga mata uku ko huɗu. Kuma ka tara duwatsu har rabin tsayin gilashin, da koguna da yawa, don wanda aka kora ya samu inda zai ɓace wa mai korarsa.

Malam Issufu, Yantala: Abdul-Aziz, maganar duwatsu da ta namiji ɗaya gaskiya ce, ba ni da ja. Amma ta cikawar nan ina da magana. Waɗanda suka fito da dabarar suna zaune ne inda matatar ruwa take shekara ba ta tsaya ba, kuma ɗakinsu ba ya wuce digiri 25. Mu a Yamai muke. Ruwan tafkin Malawi tsakanin digiri 24 ne da 28. Ruwan falona a watan Afrilu da Mayu yana haura 32, kuma ruwa in ya yi zafi iskar da kifi ke shaƙa a ciki raguwa take, alhali lokacin ne jikinsu ya fi bukatarta.

Ni na gwada, ba labari aka ba ni ba. Ina da mbuna 16 a litir 250, gwanin sha'awa, ba mai cizon wani. Ran wata Juma'a a bazara kuran ya tafi muna masallaci, bai dawo ba sai bayan isha. Na tarar da su duka a saman ruwa suna haki, kafin asuba 11 sun tafi, kuma manyan ne suka fara mutuwa. Tun daga ranar ba na wuce takwas a wannan girman. In kana da sola ko batir da zai riƙe matata da famfon iska, to cika. In ba ka da shi, Mahamadu, rawaya bakwai ko takwas sun ishe ka, tunda su ba su cika faɗa ba balle a ce sai an cunkusa su.

A cikin jikka 80 ɗin nan ka fara cire kuɗin ƙaramin famfon iska mai batir tun kafin ka ƙara kifi ko ɗaya. Da zafi kuma ka buɗe murfin, ka sa fanka tana hura saman ruwan. Da yake iskarmu busasshiya ce, yana saukar da digiri biyu zuwa uku, sai dai za ka riƙa ciko.

Abdul-Aziz: Haka ne Malam, ni ina da sola a gida, shi ya sa ban kawo wannan a raina ba.

Laminu, Tawa: Ni abin da ke ba ni dariya, muna ta kiran siklid kamar wani baƙon Turai, alhali karfasar da muke soyawa ita ma siklid ce. Masuntan Tabalak sun san macen tana ɗauke ƙwai a baki. Rawayanka ma haka suke: in ka ga mace ta daina cin abinci, maƙoshinta ya kumbura, ba ciwo ba ne, ƙwai ne, wajen sati uku take riƙe su. Kar ka tsorata ka zuba magani.

Abokin zama da na ga ya dace da mbuna shi ne kurungu. Ƙasa yake zama, da dare yake yawo, ga ƙaya a bayansa, ba mai tsokanarsa. Ɗaya ya isa, don wasu irinsa suna girma sosai. In daga gulbi ka samo, ka ware shi a wani mazubi sati uku zuwa huɗu tukuna, ka tabbata bai zo da cuta ba. Amma kar ka kuskura ka sa tarwaɗa, dare ɗaya za ta share maka gida.

Duwatsu kuma, mbuna ruwa mai kanwa-kanwa suke so, pH (ma'aunin tsami ko kanwar ruwa) daga 7.7 zuwa sama da 8. Farin dutsen nan na Adar, irin wanda ake siminti da shi a Malbaza, yana taimakawa. Ka ɗiga masa ruwan lemun tsami, in ya yi kumfa shi ne. Ka wanke da burushi da ruwa zalla. In kana so in aiko maka da buhu ɗaya a mota, ka biya kuɗin dako kawai.

Sani mai gilashi, Katako: Mai gida, in 120 da 40 da 50 za ka yi, gilashi mai kaurin milimita 10 za a sa, da maɗauri a tsakiya ta sama don kar ya buɗe ciki. Silikon ɗin kuma ba irin na banɗaki mai maganin fumfuna ba, wannan kashe kifi yake. Ka tuna litir ɗaya kilo ɗaya ne. Da gilashi da yashi da duwatsun Laminu za ka wuce kilo 300, teburin falo ba zai ɗauka ba, sai ƙarfe. Ka shimfiɗa soso a ƙarƙashi, kuma ka jera duwatsun a kan gilashin kafin ka zuba yashi, don waɗannan kifayen masu tono ne, suna iya rusa dutse a kan junansu.

Mahamadu, Banifandu: Allah ya saka da alheri, na ƙaru ƙwarai. Jajayen suna cikin baho tun ɗazu, Hajiya. Mai butik ya yarda zai karɓi mai zanen ya ba ni rawaya a madadinsa. Sai dai ga matsala: yaran oska suka fi so, don suna gane mutum, har sun raɗa musu suna. Ba yadda za a yi su zauna da rawayan a sabuwar?

Malam Issufu, Yantala: Babu, ƙanena. Oska ɗaya tak yana son wajen litir 300, biyu kuwa sai 450 ko fiye, kuma ƙazantarsu ta fi ta rawaya takwas a haɗe. Zaɓi ɗaya za ka yi. In yaran sun kafe, ka ƙara faɗin ya zama 50, ka bar oska ɗaya shi kaɗai da kurungu babba, ka ba da sauran. Ko wanne ka zaɓa, kar ka zuba kifi ranar da Sani ya kawo gilashin. Ruwan famfo ya kwana a buɗe don kulorin ya fita, ka ɗauko soson tsohuwar matatarka ka sa a sabuwar ba tare da ka wanke shi ba, don ƙwayoyin da ke cinye dattin kifi a jikinsa suke. In rawayan ka zaɓa, ka fara da ukun da kake da su, ka ƙara sauran bayan sati huɗu, kana canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan duk sati.

Mahamadu, Banifandu: To Malam. Zan tara su bayan magariba mu yi ƙuri'a, amma na san uwarsu rawayan take so saboda sun dace da labule. Laminu, ka ajiye mini buhun nan.