Gardama a gurup ɗin tsofaffin 'yan Terminal D: zoben da ke riƙe kuromozom

Laouali: Salamu alaikum 'yan uwa. Jiya a fada wani ɗan UDDM (jami'ar Maraɗi) ya ce mana wai zoben furotin da ke riƙe kuromozom (ƙunshin ADN, mai ɗauke da gadon halitta) a ƙwan mace tun tana cikin uwarta anka sa shi, ba a sake sabo, wai shi ya sa trisomi 21 (jariri ya zo da kuromozom lamba 21 guda uku maimakon biyu) ke yawa in uwa ta manyanta. Ni dai ban yarda ba, wane furotin zai shekara 40 yana aiki?

Hadiza: To ai gajiyar tashi ita ce maganar 😂 Kohezin sunanshi. In ADN ya kwafi kanshi, shi ke ɗaure kwafin biyu kamar igiyar damin hatsi, sai lokacin rabuwa ya yi wani anzim, separaz, ya tsinke shi kowane ya kama gabanshi. Ƙwan mace kuwa tun kafin a haife ta yake tsayawa tsakiyar meyoz (rabuwar da ke rage kuromozom ɗinshi zuwa rabi) yana jira, igiya na sassautawa da shekaru, ranar rabuwa sai kuromozom lamba 21 duka biyu su tafi gefe ɗaya, jariri ya zo da 47 maimakon 46.

Laouali: Wannan a ɓeraye anka gani Hadiza. Ɓera shekara nawa yake yi duka duka?

Malam Issa: Laouali na da gaskiya ta nan, gwajin da ya nuna ba a sake zuba kohezin a ɓeraye anka yi shi, a 2010. Amma an duba ƙwan mata ma, an ga kwafin biyu na ƙara nisa da juna in shekaru sunka ja. Kuma kada ku haɗa shi da kondansin, shi aikinshi nannaɗe ADN ɗin nan mai kusan mita 2 ya dunƙule, a ƙwan kwaɗo wani masani Hirano ya gano shi.

Rabi: Malam ni abin da ke ci mini rai, dangin miji na jin haka sai su ce laifin matar ne, alhali a matarnite ina ganin 'yan shekara 20 ma suna haifar irin yaran nan, kuma wani lokaci daga uban ƙarin ke zuwa.

Hadiza: Gaskiya ne yaya Rabi, amma kusan kashi 90 cikin 100 daga ƙwai ne, lissafi ne ba zargi ba.

Laouali: To Malam, in dai ba a ɓera kaɗai ba ne na rage murya, amma ban sauka ba tukuna.