Neman shawara: huda fallen ƙarfe don akwatin janareta

Mai tambaya:
Assalamu alaikum. Ina sana'ar walda, kuma an ba ni aikin ƙera akwatunan rufe janareta da fallen ƙarfe mai kaurin milimita 0.8. Dole ne a bar wa iska hanya, saboda haka na tsaga dogayen kafofi masu kusurwa huɗu da giranda a gefen na gwaji. Fallen da yake da tauri kafin yanka yanzu yana lanƙwashewa da ɗan dannawar yatsa ta fuska ɗaya, amma ta ɗaya fuskar yana nan kusan yadda yake. Ina tsoron girgizar inji za ta tsaga shi. Shin in koma ramuka masu zagaye, ko in ƙara kauri?

Wani injiniya:
Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ka gani daidai ne, domin doguwar tsaga tana yanke hanyar da nauyi yake bi idan ya zo ta kan faɗinta, alhali idan ya bi tsawonta, siraran ƙarfen da suka rage tsakanin kafofin suna ci gaba da ɗaukarsa. Ƙarfen kansa bai canja ba, fallen ne ya zama mai tauri ta gefe guda kawai.

Abin da ya fi damuna shi ne kusurwoyin. Tun a 1898 Bajamushe Kirsch ya nuna cewa idan aka ja faffaɗan falle mai rami zagayayye, matsin da ke bakin ramin yana ninka na sauran jikin sau uku. A 1913 Inglis na Ingila ya ƙara da cewa gwargwadon tsinin bakin kafa, gwargwadon taruwar matsi a wurin. Kusurwar da giranda ta bari tana da kaifi ƙwarai, janareta kuwa ba ya daina girgiza. Irin wannan gajiyar ƙarfe ce, wato tsagewar da maimaita matsi ke jawowa a hankali, ta tarwatsa jiragen sama biyu samfurin Comet a 1954, kuma bincike ya gano tsagar ta faro ne daga kusa da kusurwar kafar da aka yanka a jikin jirgi.

Shawarata ita ce ka huda ramuka masu zagaye na milimita 5, tazarar milimita 8 daga tsakiya zuwa tsakiya, kowane layi ya faɗa tsakanin ramukan na samansa kamar saƙar zuma. Wannan yana buɗe kusan kashi 35 cikin ɗari na fuskar, kuma taurin yana raguwa kusan daidai ta kowace fuska.

Wani dattijon maƙeri:
Injiniya ya gama magana, sai dai ɗana, kada ka kai huda har baki. Ka bar gefe lafiyayye kamar faɗin yatsu biyu, ka karya shi ciki, wato ka lanƙwasa shi, domin karyayyen baki shi ke riƙe falle. Na gwajin ma kada ka yar: ka huda ɗan rami zagayayye a ƙarshen kowace tsaga, ka goge kaifin da zarto.

Mai tambaya:
Na gode, Baba. Injiniya, batun ƙara kauri fa?

Injiniyan:
Yana da tasiri fiye da yadda ake zato, saboda taurin lanƙwasa yana ƙaruwa ne da kauri sau kauri sau kauri. Daga 0.8 zuwa 1.2 zai ninka sau uku da ɗoriya, amma nauyi da kuɗin ƙarfe za su ƙaru da rabi, don haka ka fara sanar da mai aikin kafin ka sayo.