Neman shawara: mun haɗa wa yaro na'urar magana, ya ture ta

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni ɗalibi ne a ajin ƙarshe na babbar difloma, sashen lantarki. Mu huɗu aka haɗa a furojet, muka zaɓi ƙera na'urar da za ta riƙa yin magana a madadin wanda bakinsa ba ya iya furtawa. Ɗaya daga cikinmu yana da ƙane, autansu, shekararsa 9. Ciwon shawara ne ya kama shi yana jariri, ba a farga da wuri ba, ya taɓa masa ƙwaƙwalwa. Yana gane mutane sarai, in an yi abin dariya shi ne kan gaba, amma magana ba ta fita, hannuwansa kuma ba sa tsayawa wuri ɗaya.

Abin da muka haɗa: Arduino Uno, wato ƙaramin allon kwamfuta mai sarrafa na'urar, da DFPlayer Mini mai kunna sautin da ke katin memori, da ƙaramar sifika, da madannai 16 irin na leda masu layi huɗu-huɗu. Muka zuba jimloli da muryar kwamfuta, da Turanci, saboda da Turanci za mu kare aikin. Batir kuma na 9V, mai kusurwa huɗun nan.

Ranar Asabar muka kai gidan. Auta ya kalle ta, ya kai hannu, sai ya danne uku a lokaci guda. Ta fara magana ta yanke, ta sake farawa ta yanke. Ya ture ta ta faɗi a tabarma. Mamansu ta yi ta sa mana albarka, sannan ta ɗauka ta ɗora a saman wadirob. Tun a hanya babu wanda ya ce uffan a cikinmu.

Saura sati shida mu kare aiki. Malaminmu ya ce mu ƙara safar hannu mai na'urorin jin motsi da kuma Bluetooth don aikin ya yi nauyi. Kuɗinmu kuma ya kusa ƙarewa. Don Allah masana, ina muka kuskure? Mu ƙara abin da malam ya ce, ko mu rushe mu sake?

Mai gyaran rediyo, Sabon Gari: Wa alaikumus salam. Ɗana, yankewar nan ba laifin yaro ba ne, batirinku ne. Wannan na 9V ɗin na mita ne da makarufo, ba ya iya ɗaukar sifika. Da ta buɗe murya sai wuta ta faɗi, Arduino ya koma farko. Ku nemi batir mai caji na 18650 guda, da ƙaramin allon caji na TP4056 mai kariya, da mai ɗaga wuta zuwa 5V. Kada ku ce za ku sa fawa bank, yawancinsu in abin da ke jan wuta ya yi ƙanƙanta kashe kansu suke yi. Sannan ku sa rezista 1k tsakanin ƙafar TX ta Arduino da RX ta DFPlayer, ƙarar shuu da ke fita a sifika za ta ragu. Madannan leda kuwa ku yar. Ku je wajen masu gyaran injin gem ku sayi manyan nan masu zagaye, waɗanda yara ke duka da tafin hannu shekara da shekaru ba su lalace ba.

Malama, mai koyar da yara masu buƙata ta musamman: Baba mai rediyo ya gyara muku wuta, ni kuma tambaya zan yi. Jimloli 16 ɗin nan wa ya zaɓa? In ku huɗu ne kuka zauna a ɗakin kwana kuka rubuta, to na san abin da ke ciki: ina jin yunwa, ina jin ƙishirwa, zan je banɗaki, na gode, ina kwana. Ko na yi ƙarya?

Ƙanena, mamansa ta fi shekara takwas tana gane yunwarsa daga yadda yake murza baki. Ba ya buƙatar inji a nan. Abin da ke cin ran irin yaran nan shi ne abin da ba a tambayarsu. Ana ba shi koko ya ƙoshi, ba yadda zai ce ya isa. An kunna masa abin da yake so a waya, an kashe, ba yadda zai ce a ƙara. Yayarsa ta ɗauke masa abu, ba yadda zai kai ƙara. Shi ya sa masu wannan fanni suka fi ba da ƙarfi ga ƙananan kalmomin da ke shiga ko'ina: ƙara, ya isa, a'a, ina so, zo, tafi, taimaka, duba. Kalmar "ƙara" ita kaɗai tana aiki a kan tuwo, a kan wasa, a kan goyo. "Ina jin yunwa" kuwa sau uku take aiki a rana.

Ku ajiye dalma da waya na sati ɗaya. Ku samo kwalin indomi, ku yanka, ku manna hotuna biyu kacal, manya, nesa da juna. Hoton abinsa na gaske, kofinsa shi, ba kofin intanet ba. Ku zauna da shi lokacin cin abinci ku ga ko zai nuna, da me zai nuna, kuma ina hannunsa ya fi kaiwa ba wahala. In biyu sun zauna ku koma huɗu. Wannan ba sabon abu ba ne. Tsarin musayar hoto da ake kira PECS tun 1985 aka fara shi a jihar Delaware ta Amurka don yara masu galahanga, kuma da kati da hoto ne kawai. Na'urar da ba ta yi aiki a kwali ba, ba za ta yi a Arduino ba.

Abu biyu kuma da ɗalibai ke mantawa. In kun ba kalma gurbi, kada ku sake canza mata wuri, domin hannu ne ke haddace hanya, kamar yadda kake lalubo makunnin fitilar ɗakinku a duhu. Na biyu, mutanen gida su riƙa danna ta suna magana da shi. Mama ta danna "ya isa" in ta gama zuba masa ruwa. Jariri ma sai ya shekara yana jin ana magana kafin ya ce baba. Ku kuma kun ba shi minti goma kun ce ya ƙi.

Mai tambaya: Malama wallahi kamar kina ɗakin. Jimlolin da kika lissafa duk suna ciki, har da "Allah ya saka da alheri". A'a kuwa babu ita ko kaɗan.

Uwar biyu: Ni 'yata ce ke da irin wannan lalurar, shekararta 12. Abin da zan ce ba na boko ba ne. Ku cire muryar Baturen nan. Yaron da ya tashi a tsakar gida ana ce masa "zo nan Auta", ka kawo masa wani ƙato yana magana ta hanci, ai dole ya ture. Ku samu yaro sa'ansa a unguwa ya faɗi kalmomin ku naɗa. Ban da yayyensa na gida ɗaya, sai a rasa wa ke kira. Kuma ku sani yawu zai zuba a kai, koko zai zuba, ƙurar hunturu za ta shiga, yara za su ɗauka su yi mota da ita. In ba za a iya goge ta da jiƙaƙƙen tsumma ba, saman wadirob za ta koma. Uwar ba raina ku ta yi ba, tsoro take kada a fasa muku kayan makaranta.

Sannan kakarsa ko wata gwaggo za ta ce in aka ba shi inji ba zai taɓa yin magana ba. Ni ma an faɗa min. Likitan magana da muka gani ta ce binciken da aka yi bai nuna haka ba, wasu yaran ma ƙaruwa suke yi. Tawa dai ba ta yi magana ba, amma kukan da take yi da cizon hannu ya ragu sosai tun da ta samu allon hotunanta.

Don Allah kuma kada ku sa fuskarsa a Facebook ko a takardar furojet sai iyayen sun yarda da bakinsu.

Ɗan Farm Centre: Ni fa ban ga dalilin wahalar nan ba. Tsohuwar wayar Android, ka sa mata manhajar allon hotuna mai magana ta Cboard, kyauta ce, ga hotunan ARASAAC na ƙasar Sifen su ma kyauta. Ka naɗi murya ka ɗora. An gama.

Uwar biyu: Ɗan'uwa, waya a gidan yara bakwai? Kafin azahar babban ya tafi da ita kallon ƙwallo.

Mai gashin ƙashi a asibiti: Waya tana yi wa wasu, musamman masu galahanga da yatsunsu ke lafiya, ko dattijon da ɓarin jikinsa ya shanye. Amma yaron da hannunsa ke fizga, gilashin waya abokin gabarsa ne, ko'ina ya goga sai ta amsa.

Mai tambaya, abu na farko: a auna jinsa. Shawarar jarirai in ta taɓa ƙwaƙwalwa, sau da yawa tana haɗawa da jijiyar ji, wani yaron yana jin ƙara amma kalmomi ba sa fita masa tas. Tana kuma iya hana ido kallon sama da kyau, don haka kada ku kafa masa allo sama da fuska. Na biyu, yadda yake zaune. Kun ce a tabarma na'urar ta faɗi, ke nan a ƙasa kuka gwada. Yaron da ke fama ya riƙe gangar jikinsa ba shi da sauran ƙarfin sarrafa hannu. A zaunar da shi a kujera, ƙafa ta taka wani abu, a tokare ƙugu da matashi, sai ku ga bambanci.

A wajen ƙira, ku ɗora faranti na roba ko falanki a kan madannan, mai ramuka daidai kowane madanni, yadda zai kwantar da hannu a kai sannan ya zura. A cikin umarnin kwamfutar kuma ku sa sai an riƙe madanni na ɗan lokaci kafin ya amsa, ku fara da rabin daƙiƙa ku riƙa gyarawa, kuma in tana magana kada wani dannin ya katse ta. In hannu ya gagara gaba ɗaya, akwai hanyar madanni ɗaya tak: fitila tana bin hotuna ɗaya bayan ɗaya, in ta iso wanda yake so sai ya buga da gwiwa ko gefen kai. Masanin kimiyyar nan na Birtaniya, Stephen Hawking, bayan ya rasa muryarsa a 1985, da madanni ɗaya a hannu ya riƙa zaɓen kalmomi, da hannun ya gaza aka koma motsin kumatu.

Wani ɗan ƙungiya: Allah ya ba shi lafiya. A riƙa yi masa tofi kuma.

Mai fassarar maganar hannu: Amin. Maganar safar nan, da girmamawa ga malaminku, ba ta Auta ba ce. Safar da ke fassara motsin yatsu ana yin ta ne da sunan kurame, shi kuwa yatsun ne ma matsalarsa. Ko kuramen ma ba su cika yaba ta ba, domin maganar hannu ba yatsu kaɗai ba ce, akwai fuska da gira da kafaɗa, kuma safa ba ta ganin ko ɗaya. Kowace shekara sai ɗalibai sun ƙera ta, ban taɓa ganin kurma ya sa ta ya shiga kasuwa ba.

Mai rubuta manhaja: Kan batun murya, akwai manhajojin da ke karanta rubutun Hausa yanzu, amma ku yi hattara. Rubutunmu ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Garin Kano da garin tuwo rubutu ɗaya ne, inji sai ya yi caca. Ga kalma takwas, naɗar muryar mutum ta fi sauƙi kuma ba ta neman data. Ku buɗe folda mai suna mp3 a katin, ku sa wa fayilolin 0001, 0002 haka, ku kira su ta sunan folda. In ba haka ba DFPlayer bin tsarin da aka kwafa su yake yi, sai ka danna "ƙara" ta ce "banɗaki".

Mai tambaya: To malam fa? Shi ke da maki. In muka je da madanni huɗu a gaban kwamiti ai cewa za su yi aikin 'yan sakandare ne.

Tsohon ɗalibi, yanzu malami: Ƙanena, kada ku yi musu da shi, ku kai masa takarda. Ku sa na'urar ta riƙa ƙirga sau nawa aka danna kowane madanni, ta ajiye a EEPROM, wato ma'ajiyar cikin Arduino da ba ta gogewa in an kashe wuta, ba sai kun sayi komai ba. Ku gwada jinkirin danni kala uku, ku rubuta kuskure nawa aka samu a kowanne. Ku auna awa nawa batir ke yi. Ku sa makunni da ke sauya ta daga danni kai tsaye zuwa bin fitila. Wannan babi na huɗu ne cikakke na takardar furojet ɗinku, kuma alƙalumanku ne, ba na kwafe ba. In ya nace sai Bluetooth, ku sa shi ta inda zai yi amfani, wato in Auta ya danna "zo" wayar mamansa ta yi ƙara tana kicin. Ni in ina kwamitin, tambayar da zan fara ita ce na'urar tana ina yanzu. Ku yi biyu tun yanzu, domin makaranta riƙe tata za ta yi.

Mai tambaya: Jama'a Allah ya saka. Jiya muka koma da kwali, hoto biyu, "ƙara" da "ya isa". Muka zaunar da shi a kujerar roba da matashi kamar yadda aka ce. Ashe da bayan hannun hagu yake kaiwa, mu kuma duk madannanmu na ɗan yatsa ne. Ana ba shi shayi, yayarsa tana taɓa hoton tana faɗa. Bai kula ba sai wajen cokali na goma, ya buga "ya isa". Mama ta ce ai bai sha komai ba, ta sake kai cokali. Ya sake bugawa, ya juya ya kalle ta. Ta ajiye kofin.

Sun ce za su kai shi awon kunne ranar Talata. Baba mai rediyo, madannan gem ɗin nan ƙafa uku na gani a jikinsu, wacce da wacce zan haɗa?

Mai gyaran rediyo, Sabon Gari: Wadda aka rubuta wa COM zuwa GND, wato nagatif, NO zuwa ƙafar Arduino, ka kunna rezistan ciki a umarninka. NC ka bar ta haka nan. In ka shigo kasuwa ka zo da akwatin in gani kafin ku huda shi.