Rauta biyu na haɗa a shago, intanet sai ya zo ya ɗauke, a taimaka

ɗan_samaru ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masu ilimin netwok ku taimaka min. Ina da ɗan shagon buga takardu da fotokwafi anan Samaru Zariya, ɗaki biyu ne, na gaba inda kwastomomi ke zama da na ciki inda kwamfutoci uku da firinta suke, tsakaninsu akwai ɗan kwarido da bangon bulo biyu. Rauta mai sim nake amfani da ita irin ta 4G ɗinnan, tana gaba kusa da taga saboda nan ne kawai sabis ke kamawa sosai, to a ɗakin ciki waifai ɗin sai kaga layi ɗaya, kana tsakiyar cike wa ɗalibi fom sai ya yanke. Shine na sayo TP-Link mai eriya huɗu na ja kebul daga rautar sim ɗin zuwa ciki na soka a ɗaya daga cikin ramukan bayanta, ban taɓa wani saiti ba dai. Yanzu waifai ya cika fal a ɗakin amma intanet ɗin wani lokaci yana yi wani lokaci sai ya nuna an haɗu amma babu intanet, waya ɗaya tana yi ɗayar bata yi, firinta ma yau a ganta gobe a rasa. Abin mamaki kuma in na rubuta 192.168.0.1 wani sa'in shafin rautar sim ne ke buɗewa wani sa'in na TP-Link. Sannan ga data tana ƙarewa kamar ana kwasa, ina zargin maƙwabta sun samu faswod ɗin. Ya zan yi? Ko na'urar ce jabu in mayar?

baban_walid ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Malam ka mayar ka karɓo rifita kawai, wato na'urar da ke kama waifai ta maimaita shi ya ƙara nisa, irin wadda ake sokawa a soket, ba ruwanka da jan kebul, ka danna maɓallin WPS anan ka danna acan shikenan sun haɗu. Ita nake amfani da ita a gida tsakanin falo da ɓangaren iyali kuma tana yi.

MaiKebul ya rubuta:

Baban Walid kayi haƙuri amma ban goyi bayan wannan shawarar ba. Mutumin da ya riga ya ja kebul ai ya gama aiki mafi wuya, kar a mayar da shi baya. Rifita irin ta soket yawanci a tasha ɗaya take ji a ita kuma take maimaitawa, saboda haka gudun yakan ragu kusan rabi, kuma in ka sa ta inda sigina ke da rauni raunin zata yaɗa maka, layi ya cika a waya amma ba aiki. A gida don WhatsApp da kallo zata wuce, a shagon da ake loda takardun mutane kebul ya fi ta nesa ba kusa ba.

Ɗan Samaru na'urarka lafiyarta ƙalau, ai ka ma faɗi ciwon da bakinka. Rautocin nan biyu duk adireshi ɗaya suka zo da shi daga kamfani, 192.168.0.1, kamar gida biyu ne a layi ɗaya masu lamba ɗaya, ɗan aike in ya zo duk ƙofar da aka fara buɗe masa nan zai miƙa saƙon. Bayan haka kuma kowacce tana da abin da ake kira DHCP, shi ne ke raba wa wayoyi da kwamfutoci lambar IP ya kuma gaya musu ta ina ake fita intanet. Tunda ka soka kebul ɗin a ramin LAN, wato cikin ramukan da aka yi don soka kwamfutoci, ka haɗe su netwok ɗaya da masu rabo biyu da ƙofa biyu masu suna ɗaya, saƙon da ya faɗa wa rautar sim ya wuce, wanda ya faɗa wa TP-Link ya maƙale don ita ba ta da hanyar fita. Shi yasa waya ɗaya ke yi ɗaya bata yi.

Ga yadda zaka gyara. Ka fara zare kebul ɗin da ya taho daga gaba, wannan dole ne, in ba haka ba ba zaka san shafin wa kake shiga ba. Ka danne ɗan maɓallin reset na bayan TP-Link kamar sakan 10 har fitilun su ɗauke su dawo. Sai ka haɗa laftof da ita da gajeren kebul a ramin LAN, ka kashe waifai na laftof ɗin, ka buɗe burauza ka rubuta tplinkwifi.net ko 192.168.0.1, zata ce ka ƙirƙiri faswod na shiga saiti, ka sa wanda ba shi ne na waifai ba ka rubuta shi a wani wuri. In ka shiga ka leƙa Advanced ka nemi Operation Mode, in akwai Access Point, wato ta zama mai watsa waifai kawai, ka zaɓe shi ta sake tashi, ita da kanta zata bar wa rautar sim rabon lamba. In taka bata da shi sai kayi da hannu, ka je Network sannan LAN ka canza adireshinta zuwa 192.168.0.2, zata sake tashi, ka shiga ta sabon adireshin, sannan ka kashe DHCP Server. Ka bi wannan jerin, adireshi tukuna sannan DHCP, don in ka fara kashe DHCP laftof ɗin na iya rasa lamba ka kasa komawa ciki sai da wani reset ɗin. Ka kuma leƙa rautar sim ka ga daga nawa take fara rabo, yawanci daga 100 ne, in daga 2 take farawa ka matsar da shi gaba kar ta bai wa wata waya lambar TP-Link. Daga nan ka mayar da dogon kebul a ramin LAN, ka bar shuɗin ramin WAN, wanda aka yi don shigowar intanet, ba komai.

Sunan waifai da faswod ka sa iri ɗaya a duka biyun, waya zata riƙa komawa wadda ta fi kusa. Amma tasha ka raba musu, waifai zango biyu ne, 2.4GHz da 5GHz, a 2.4GHz tasha 1 da 6 da 11 ne kawai basa hawa kan juna, ka bai wa ta gaba 1 ta ciki 11, faɗin ka bar shi a 20MHz tunda a jerin shaguna kake kowa da waifai ɗinsa. 5GHz ya fi gudu amma baya jure bango, a cikin ɗaki ɗaya yake da daɗi. Kar ka kashe 2.4 don firintoci da yawa da kyamarorin tsaro shi kaɗai suke gani. Kwamfutocin tebur kuwa tunda ga ramuka nan a banza ka sa musu kebul kawai ka huta.

Ummu_Haidar ta rubuta:

Malam MaiKebul ya yi bayani, Allah ya ƙara ilimi. Ni ta ɓangaren data zan yi magana don ina kula da ofis ɗin wata makaranta kuma abin da ke cinye mana kenan. Kafin ka zargi maƙwabta ka shiga shafin rautar sim ka duba jerin na'urorin da ke haɗe, ka ƙirga ka ga ko akwai baƙi. Sau da yawa ɓarawon na cikin gida ne, Windows in ta ga waifai ɗauka take kyauta ne sai ta hau sauke sabuntawa, kwamfuta uku kowacce tana jan nata, ka shiga saitin netwok na kowacce ka kunna metered connection, wato ka gaya mata datar ta awo ce ta rage ja. Wayoyin yaran shago ma haka, Play Store na sabunta manhajoji, hotuna na hawa Google Photos, bidiyon guruf na WhatsApp na sauka da kansu, duk an saita su ne su jira waifai, da sun shigo shago da safe sai su fara.

Faswod kuma wlh in ka bai wa mutum ɗaya ka bai wa layin gaba ɗaya, tun daga Android 10 waya na fitar da QR na waifai ɗin da take kai, abokinsa ya haska ya shiga ba sai ma an faɗa masa komai ba. Kuma kar ka wahalar da kanka da toshe mutane ɗaya bayan ɗaya ta lambar MAC, wato lambar da rauta ke gane kowace na'ura da ita, wayoyin yanzu suna iya canza ta, ka toshe yau gobe ya dawo da sabuwa. Abin da ke aiki shine waifai biyu, na aiki wanda kai da kanka zaka sa wa kwamfutoci da firinta faswod ɗinsa ba wanda ya sani, sai na baƙi wato Guest Network wanda zaka riƙa canzawa duk sati. Tsaron ka zaɓi WPA2 mai AES, ko WPA2/WPA3 in akwai, faswod mafi ƙaranci harafi 8 ne amma ka kai shi 12 ko fiye, banda lambar wayarka da ke rubuce a allon shago da sunan shagon da 12345678. WPS ɗin da Baban Walid ya ambata ka kashe shi a duka biyun, lambar PIN ɗinsa an daɗe da gano yadda ake fasa ta. Sannan ita ma rautar sim in har yanzu admin admin ake shiga saitinta ka canza, duk wanda ke kan waifai ɗinka zai iya shiga ya ga komai.

abu_sadiq_kd ya rubuta:

Maganar Hajiya ce ta sa zan ɗan saɓa da Malam MaiKebul. Hanyarsa daidai ce amma in ka mayar da TP-Link Access Point ta zama mai watsa waifai kawai, abubuwa irin su taƙaita gudu da tsare baƙi kar su ga kwamfutocinka yawanci ko su ɓace daga saitin ko su daina aiki yadda ya kamata, su kuma rautocin sim ɗinnan saitinsu kaɗan ne. Ni da nine shi kebul ɗin a shuɗin ramin WAN zan sa, in canza LAN na TP-Link zuwa 192.168.1.1 don kar su yi karo, in bar DHCP ɗinta a kunne, in kwaso kwamfutoci da firinta duk in ɗora a kanta. Waifai na rautar sim sai ya zama na kwastomomi a gaba, kaga daga can ba zasu iya kaiwa ga kwamfutocin ciki ba, kuma shago ne da ke ajiye da takardun mutane da hotunan fasfo da lambobin NIN, wannan ba ƙaramin abu bane. Illarsa ɗaya, wanda ke kan waifai na gaba ba zai ga firinta ba, in kana so ka tura aiki daga gaba sai ka hau na TP-Link.

MaiKebul ya rubuta:

Na yarda, in har yana ba kwastomomi waifai to tsarin Abu Sadiq ya fi masa, ni firintar na duba. Sai dai sunan waifai ɗin ya zama daban daban kenan a wannan tsarin, kar a sa iri ɗaya. Kowanne ka ɗauka ka je Address Reservation a rautar da ke rabon lamba ka kafe wa firinta lamba ɗaya, ɓacewar da take yi galibi lambarta ce ke canzawa duk sanda aka ɗauke wuta aka dawo.

Tunda an zo maganar wuta, ka nemi ƙaramin UPS na rauta mai fitar da 9V da 12V, rauta bata cin wuta sosai, zai riƙe su kafin a tada janareto ba sai kun zauna jiran sabis ya sake kamawa ba. Amma ka karanta jikin cajar kowacce tukuna, ka sa wa mai 9V wutar 12V zaka iya ƙona ta. Ka ɗaga su sama inda iska ke shiga, ba cikin durowa ba, ba kan injin fotokwafi ba, zafin Maris da Afrilu kaɗai ya isa ya sa rauta ta riƙa sake tashi da kanta. Kebul ɗin kuma Cat5e ko Cat6 har mita 100 yana kaiwa, naka ba zai kai ko kusa ba, ka dai sa shi a bututu saboda ɓera kuma kar ka ɗaure shi jikin wayar wuta.

ɗan_samaru ya rubuta:

Alhamdulillah, Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Tsarin Abu Sadiq na bi tunda ɗalibai kullum sai sun roƙi waifai, na sa a WAN na canza zuwa 192.168.1.1, kwamfutocin duk na sa musu kebul, firinta na kafe mata lamba, tun ɗazu ba yankewa. Hajiya na duba jerin kuwa na tarar da wayoyin da ban sani ba, na canza faswod na kashe WPS. Saura abu ɗaya, da yamma gudun yana faɗuwa sosai ko a kwamfutar da ke kan kebul, wannan ma saiti ne?

MaiKebul ya rubuta:

Wannan ba daga cikin shagonka bane, tunda har mai kebul tana yi to tsakanin rautar sim da turken sabis ne, da yamma mutane sun yi yawa a kansa ana raba gudun. Ka shiga shafin rautar sim wajen bayanin sigina ka duba RSRP, wato ƙarfin sigina, da SINR, wato tsabtarsa. RSRP in yana wajen -90 ko -80 yana da kyau, in ya gangara -110 ya yi rauni, SINR kuma gwargwadon girmansa gwargwadon kyansa, ƙasa da 5 akwai damuwa. Ka riƙa matsar da ita a jikin tagar kana ɗagawa kana juyawa kana kallon lambobin, ka nisantar da ita daga ƙarfen taga da kwanon rufi. In lambobin rauni suka nuna kuma tana da wajen ɗaura eriya a baya, eriyar waje a saman shago zata taimaka. In kuma lambobin suna da kyau amma gudun na faɗuwa da yamma kawai to cunkoso ne, eriya ba zata yi maganinsa ba, ka ari layin wani kamfanin a waya ka gwada gudunsa a daidai wannan lokacin kafin ka kashe kuɗi. Ka turo mana lambobin na safe da na yamma mu gani.