Musayar waƙa: Ma'aikata huɗu na Badea

Bazazzagi: 'Yan'uwa, yau na ɗauko wasan kwaikwayon Alexandra Badea, 'yar Romaniya mazauniyar Faris, mai suna Pulvérisés, wanda ya ci babbar kyautar rubutun wasa ta Faransa a 2013, labarin ma'aikata huɗu a Shangai ta Sin, Dakar ta Senegal, Bukares ta Romaniya da Liyon ta Faransa. Bismillah.

A Shangai mace na haɗa kaya ba hutawa,
A Dakar ana amsa waya har murya na dushewa,
Bukares injiniya, Liyon mai duba nagarta,
Sarƙa guda ta ɗaure su, ba sa ganawa.

'Yar Damagaram:
Bazazzagi, kana yi wa mai kwat kukan albashi?
Na Liyon da ta Shangai ba sa tarayya a akushi,
Shi gajiya ke damunsa, ita ko neman numfashi.

Bazazzagi:
Ke 'yar Damagaram, karanta kafin ki yi fushi,
Mai sa ido kan aikin wani, akwai mai duba nashi,
Ba ki ga wasan ba, kin zo kina tada ƙura da gurnani.

Bakatsine: Allah ya ja zamanin Hajiya! Wallahi ta gama da shi tun baitin farko, har amsa-amonsa ya gudu.

Na-Sakkwato: Ku dakata. Malam Bazazzagi, "nagarta" me ta zo yi cikin -wa? "Gurnani" kuma cikin -shi? Ɗangon ƙarshe ya fi 'yan'uwansa tsawo, kari ya karye.

Bazazzagi: Allah gafarta Malam, ɗango na uku da gangan na sake shi. Ana yin haka.

Na-Sakkwato: A ƙwar huɗun da muka gada, na huɗu ake warewa, ba na uku ba.

Ɗan Zongo: Afuwa, sai yanzu na samu intanet. Nawa baitin kan Kuluj ne, wani birni a Romaniya, da Kebab, wasan kwaikwayon Gianina Cărbunariu, ita ma 'yar Romaniya.

Kuna faɗan kari, ni Kuluj nake tunawa,
2020, ana kulle, cuta na yaɗuwa,
Aka cika jirage da lebura, Jamus ake nufa,
Gonar wani ba ta jira, ko da rai na salwanta.
Cărbunariu ta rubuta Kebab, ku je ku duba,
Matasa a Dablin, mutunci ne ake sayarwa.

'Yar Damagaram:
Yauwa Ɗan Zongo, ka faɗi abin da nake nufi,
Wanda ya bar gida don ciki shi ne a ƙarƙashi,
Bazazzagi, kawo na Liyon ɗinka ya yi noman mu gani!

Na-Sakkwato: Hajiya, ke ma "nufi" da "ƙarƙashi" ba su haɗu ba. Ɗan Zongo, naka shida ne, ina aka samo wannan ƙwar?

Bakatsine: Malam, kai ma kawo baiti ɗaya mu auna.