Farfelar jirgi tana fitowa a tsaye cak a hotunana, ina matsalar take?

Dan_Lugbe:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu kyamara a taimaka min. Ni dai aikina hoton biki da suna ne, amma kwanan nan na kamu da son ɗaukar jirage, saboda gidan yayana yana can gaba da Lugbe ta hanyar filin jirgin Nnamdi Azikiwe, in ka hau saman bene da yamma kana ganinsu suna saukowa ɗaya bayan ɗaya. Manyan jiragen nan marasa farfela ba ni da matsala da su, ina sa shota, wato tsawon lokacin da kyamara ke buɗewa haske ya shiga, a 1/2000 na daƙiƙa su fito tas har lambar jikinsu ana karantawa. To ranar Asabar wani jirgin fasinja ƙirar ATR mai farfela biyu ya wuce na ɗauke shi, hoto ya fito garau ina ta murna, ina nuna wa ɗan yayana mai shekara 9 sai yaron nan ya ce min Kawu injin ɗin ya mutu ne? Wallahi da na sake dubawa gaskiyarsa, farfelar a tsaye take ƙiƙam, ganyayenta shida ana ƙirga su, kamar jirgin wasan yara da aka rataye da zare. Na dawo da shota 1/60 washegari, wannan karon kuma komai ya dagule, jirgin da farfelar duk sun zama kunu. Canon 700D nake riƙewa da lensi 70-300. Wace lamba ce daidai dan Allah?

Baba_Mai_Hoto_Jos:

Wa alaikumus salam. Yaro ya faɗa maka gaskiya ai, mu da a ce mu ne sai mu ce maka ya yi kyau don kada ranka ya ɓaci.

Ɗana, babu lamba guda ɗaya da za ta yi maka aiki a kowane jirgi, amma akwai lissafi kuma ba shi da wuya. Abu biyu za ka sani, saurin juyawar farfelar da yawan ganyayenta. Farfelar ATR 72 in ta ƙure tana juyawa sau 1200 a minti, wato sau 20 a daƙiƙa ɗaya. Kai ka buɗe shota na 1/2000, kaga a wannan ɗan lokacin kashi ɗaya cikin ɗari na zagaye kawai ta yi, bai kai digiri 4 ba, ina za ka ga motsi? A 1/250 za ta share kusan digiri 29, nan ne ido zai fara yarda cewa injin yana aiki. In kuma so kake ta fito kamar faifai, zagayen ya rufe ruf babu giɓi, sai kowane ganye ya isa inda na gabansa ya tashi kafin shota ta rufe. Ganye 6 sau 20 ya ba ka 120, saboda haka wajen 1/125 za ka samu faifanka.

Haka za ka yi wa kowanne. Hercules C-130 irin na sojan sama ganye 4 ne, juyi 1020 a minti, sau 17 a daƙiƙa kenan, 17 sau 4 ya zama 68, sai ka sauko 1/60 kafin ya rufe. Jirgin yaƙi Super Tucano da aka kawo ƙasar nan a 2021 ganye 5 gare shi kuma yana kai 2000, shi 1/160 ma ta ishe shi. Ƙananan jiragen koyon tuƙi masu ganye biyu irin su Cessna 172 kuwa in suna 2400 sai 1/80, kuma lokacin sauka matuƙi yana rage wuta farfelar ta yi sanyi, shi ya sa ɗaukarsu a lokacin tashi ya fi daɗi.

Shawarata kada ka ce sai faifai tun yanzu. Juya kyamararka zuwa Tv, wato tsarin da kai ke zaɓar shota, ka kafa 1/320, ka bar ta ta zaɓi ƙofar haske da kanta. In hannunka ya saba ka sauko 1/250, daga nan 1/200. Ni yawancin hotunan da na taɓa wankewa na sa a firem a 1/200 na ɗauke su, kuma ba wanda ya taɓa tambayata ko injin ya mutu.

Sadiq_Wuse2:

Baba da girmanka amma ni dai 1/320 ban ga amfaninta ba gaskiya, ɗan dishi-dishi ne kawai a bakin ganyen, mutum sai ya zuba ido sosai kafin ya lura. In za a yi a yi kawai, ni 1/125 nake farawa. Dan_Lugbe abin da ya ɓata maka hoton 1/60 ba lambar ba ce, tsayawa ka yi cak kana jira jirgi ya shigo firem ka danna, na tabbata haka ka yi don duk masu hoton biki haka kuke, kun saba amarya tana tsaye tana jiranku. Jirgi ba ya jira, kai za ka bi shi. Ka buɗe ƙafafunka, ka manna gwiwar hannu a haƙarƙari, juyawar daga ƙugu za ta fito ba daga wuyan hannu ba, ka fara bin sa tun yana nesa ka danna ka riƙe kana ci gaba da bi har bayan ka saki. Fokos a AI Servo, wato wanda ke bin abin da ke motsi, ɗauka a jere, 700D tana ba da 5 a daƙiƙa ai. Sannan ka duba gefen lensin, in mai IS ne, wato abin rage rawar hannu, irin wanda ke da 1 da 2 ka sa shi a 2, don 1 yana faɗa da kai ne, kana juyawa yana ɗauka rawar hannu ce yana ƙoƙarin gyarawa.

Kuma ka sa a ranka za ka zubar da hotuna da yawa. Ni in na dawo da kati cike na samu ɗaya ko biyu cikin goma masu kyau to ranar na ci riba.

Baba_Mai_Hoto_Jos:

Sadiq kai hannunka ya riga ya faɗa, kuma na san lensinka ya fi nasa. Ka tuna lensi mai tsawon 300 a kan 700D daidai yake da 480 a kyamara mai babbar sensa, tsohuwar ƙa'ida ma cewa ta yi kada shota ta gaza 1/500 a irin wannan tsawon in da hannu kake riƙewa. Kai kana cewa mai koyo ya fara da ninki huɗu ƙasa da haka, jirgin da yake jira kuma wataƙila sau ɗaya zai wuce a yini. In ya dawo gida sau uku babu ko ɗaya ai sai ya koma wajen amarensa. Abin da ma ya fi, wucewar farko ya ɗauka a 1/320 ya samu na ajiya, sauran ya yi wasa da su.

Ka kuma tsallake maganar rana. Da tsakar rana a ISO 100, wato ma'aunin yadda kyamara ke jin haske, in ka sa 1/125 kyamara za ta matse ƙofar haske zuwa wajen f/14 ko f/16, a nan ne duk wata ƙura da ke kan sensa za ta fito ɗigo-ɗigo a sararin sama, mu nan Jos lokacin hunturu kuwa ba a magana, ka canja lensi sau ɗaya a waje ka gama yawo. Ga shi kaifin hoton ma yana raguwa in an matse da yawa. Maganinta filta mai rage haske, ND8 tana cin mataki 3, daga f/16 ta dawo da kai f/5.6, ND4 kuma f/8 wanda ni na fi so a irin lensin nan. In babu kuɗin filta to ka jira bayan la'asar, dama hasken ya fi kyau a jikin jirgi kuma hucin zafin da ke sa hoto rawa ya lafa.

Maman_Ilham:

Ni tambayata daban ce Baba, ku yi haƙuri na shigo muku. Na taɓa ɗaukar farfela da waya ta tagar jirgi sai ta fito a lanƙwashe kamar lauje, wasu ganyen ma kamar sun rabu da jirgin suna shawagi, har tsoro na ji. Shi ma shotar ce?

Sadiq_Wuse2:

Hajiya wannan daban ne, sensar waya ba lokaci ɗaya take karanta hoton ba, layi-layi take bi daga gefe zuwa gefe, kafin ta kai ƙarshe farfelar ta riga ta matsa shi ya sa take lanƙwashewa. Masu sabbin kyamarori marasa madubi ma in suka sa shotar nan marar ƙara haka take musu, gara a bar ta a ta inji.

Dan_Lugbe wani abu kuma, ka yi hattara da inda kake ɗaga dogon lensi a garin nan, kusa da katangar filin jirgi ko ɓangaren sojoji ba wajen gwaji ba ne sai da izini. Saman benenku ya ishe ka, ko ka jira ranar da za a yi faretin sama a Eagle Square.

Dan_Lugbe:

Allah ya saka da alheri Baba, Malam Sadiq na gode duk da ka ci mana fuska mu masu hoton biki. Jiya da aka kawo wuta na kunna fankar silin a ɗaki na zauna ina ta gwaji tun daga 1/500 har 1/15, matata tana ta kallona kamar na zautu, amma na ga abin da Baba yake faɗa da idona, sai da na sauko ƙasa sosai kafin ganye ukun nan suka haɗe. Yau da yamma na tsaya bakin titi ina bin motoci da kyamara, sannan na hau bene. ATR ɗin ya zo wajen biyar da wani abu, na ɗauka a 1/250, guda 14 na danna uku sun fito, a ɗaya har tagogin ana ƙirgawa farfelar kuma ta baje. Ɗigon ƙura huɗu na gani a sama kamar yadda Baba ya ce. Sai dai wani helikwafta ya wuce bayansa na bar shi a 1/250 ɗin, na saman ya sake fitowa kusan a tsaye, ƙaramin na wutsiya ne kawai ya nuna motsi.

Baba_Mai_Hoto_Jos:

Ai dole. Babbar farfelar helikwafta a hankali take, yawanci tsakanin 250 ne zuwa 400 a minti, kusan saurin fankar ɗakinka, ta wutsiyar ta ninka ta sau da yawa shi ya sa ita ta nuna. Wannan sai 1/125 zuwa ƙasa, faifai kuwa sai wajen 1/20 ko 1/30, kuma a nan ko Sadiq sai ya jingina da bango. Ka fara goge sensar tukuna, da abin hura iska na roba, kada ka kuskura ka sa baki ko bakin riga.